Me Ya Sa Kanel Ba Ya Dogara da Agogo Ɗaya Tak?

Tambaya: Malam, na karanta cewa maginan Linux da na sauran manyan manhajoji sun shafe shekaru suna jayayya a kan yadda kanel zai riƙa lissafin lokaci, abin kuwa ya ɗaure mini kai. Ashe ba akwai agogo a cikin kowace kwamfuta ba, a duba shi a faɗi ko ƙarfe nawa? Mene ne abin jayayya a nan, kuma wane ɓangare kake ganin ya fi gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, domin duk wanda ya kalli lamarin daga waje haka zai ɗauka. Kanel shi ne zuciyar babbar manhaja, wato ɓangaren da ke tsakanin ƙarafan kwamfuta da sauran manhajojin da ke gudana a kanta, kuma manhajojin nan suna zuwa masa da buƙatu uku mabambanta waɗanda duk muke kira lokaci. Wata tana son sanin kwanan wata da ƙarfe nawa ne a duniya yanzu, wata tana son auna tsawon abin da ya wuce tsakanin aukuwar abubuwa biyu, wata kuma so take a tashe ta idan lokaci kaza ya cika. A fahimtata, kusan duk wata gardama da aka yi a wannan fage ta samo asali ne daga ƙoƙarin biyan buƙatun nan uku da hanya guda, kuma duk ci gaban da aka samu ya zo ne a lokacin da aka yarda aka raba su.

Sai mu fara da ƙarafa. Abin da ke cikin kwamfuta shi ne ƙananan duwatsun kwatz da ke kaɗawa idan wutar lantarki ta ratsa su, da kuma maƙirga da ke ƙirga wannan kaɗawa. Akwai wani mai aiki da ƙaramin batir, wanda ke kaɗawa sau 32,768 a kowane sakan kuma ba ya tsayawa ko an kashe kwamfuta, amma Linux a galibi sau ɗaya take karanta shi idan ana kunna na'ura, domin karanta shi yana da nauyi kuma ba ya bayar da abin da ya gaza sakan ɗaya. Akwai tsohon maƙirgi na Intel 8253 da magajinsa 8254, mai gudun kusan 1,193,182 a sakan, wanda kwamfutocin tebur suka gada tun daga ta IBM ta shekarar 1981. Daga baya aka sami na ACPI mai gudun 3,579,545 a sakan, sannan wani mai suna HPET. Akwai kuma wanda ke cikin furosesa kanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da umarni, mai suna TSC, wanda ya bayyana tare da Pentium a shekarar 1993. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tafiya daidai da abin da aka rubuta masa. Kuskuren kashi 50 cikin miliyan, wanda ba baƙon abu ba ne ga dutsen kwatz mai araha, yana nufin agogo zai yi gaba ko baya da fiye da sakan 4 a kowace rana, kuma wannan kuskure yana sauyawa idan na'ura ta yi zafi ko ta huce.

Tsarin da Unix ta gada, wato tsohuwar babbar manhajar da Linux ta kwaikwaya, wanda Linux ta bi a shekarunta na farko, mai sauƙin fahimta ne. Ana saita maƙirgi ya riƙa katse furosesa a kai a kai, kowace katsewa ita ce bugu ɗaya, kanel kuma ya ƙara ɗaya a kan wata lamba da ake kira jiffies. A wannan bugu ne ake ciyar da agogo gaba, a duba ko akwai manhajar da lokacin tashinta ya yi, a lissafa wa manhajar da ke gudana abin da ta ci, a kuma yanke shawarar ko za a karɓe furosesa daga hannunta a bai wa wata. Yawan bugu a sakan shi ne HZ, kuma a kan wannan lamba aka yi jayayya ta farko da ta shahara. A kwamfutocin tebur HZ ya daɗe yana 100, wato bugu ɗaya kowane milisakan 10. Masu aikin sauti da bidiyo suka ce wannan ya yi kauri, domin manhajar da ta nemi barcin milisakan ɗaya za ta iya yin goma ko fiye. Da jerin sigogin Linux na 2.6 ya fito a ƙarshen shekarar 2003 sai aka ɗaga shi zuwa 1000, nan kuma masu kwamfutar cinya suka koka da cewa ana tayar da furosesa sau dubu a sakan ba tare da wani aiki ba, batir yana ƙarewa, masu manyan uwayen garke, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, su ma suka ce kowace katsewa tana ɓata abin da furosesa ta tara a ma'ajiyarta ta kusa. A shekarar 2005, a sigar 2.6.13, aka mayar da lambar abin zaɓi lokacin harhaɗa kanel, aka sa 250 a matsayin tsaka-tsaki, daga baya aka ƙara 300 saboda yana rabuwa daidai da yawan hotunan da bidiyo ke nunawa a sakan a tsarin Turai da na Amurka. Babu ɓangaren da ya gamsu da 250, kuma hakan bai ba ni mamaki ba, domin lamba ɗaya ce aka ɗora wa nauyin kaifin agogo da saurin sauya ayyuka da tsimin wuta a lokaci guda, alhali abubuwan nan suna jan ta zuwa fuskoki daban-daban.

Akwai wani abu a gefe da ke burge ni a nan. Idan jiffies tana da bit 32, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya, za ta cika ta koma sifili bayan kwana 497 a gudun 100, ko bayan kwana 49.7 a gudun 1000, kuma irin wannan cikar ce ta riƙa sandarar da Windows 95 idan ta kai kwana 49.7 a kunne. Domin kada kuskure irin wannan ya ɓuya har tsawon watanni, maginan Linux suka sa lambar ta fara daga inda za ta cika minti 5 kacal bayan kunna na'ura, ta yadda duk wanda ya rubuta kwatancen lokaci ba daidai ba zai ga ɓarnarsa tun yana zaune a gaban allo.

Babban rauni na tsarin bugu ya wuce zaɓen lamba. Idan lokaci yana nufin adadin katsewar da aka ƙirga, to duk katsewar da ta ɓace lokaci ne ya ɓace. Wani direban na'ura, wato manhajar da ke sarrafa wani ƙarfe na kwamfuta, zai iya rufe ƙofar katsewa na tsawon da ya wuce bugu biyu, manhajar da ke cikin allon uwa za ta iya riƙe furosesa ba da sanin kanel ba, kuma da aka fara gudanar da kwamfutocin kwaikwayo a cikin kwamfuta guda sai matsalar ta yi muni, domin kwamfutar kwaikwayo tana iya shafe lokaci ba a ba ta furosesa ba sam. An yi ta ƙirƙiro dabarun gano bugun da ya ɓace a cike gurbinsa, dabarun kuma suka riƙa haifar da nasu kurakuran, har agogo ya riƙa tsalle gaba ko ya ɗan koma baya. Maganin gaskiya shi ne a daina ƙirga katsewa, a koma karanta maƙirgi mai gudana da kansa. Lamarin kamar mitar wutar lantarki ne: ba sai ka tsaya a gabanta kana ƙirga juyawarta ba, ka karanta ta yau ka karanta ta gobe, bambancin da ke tsakani shi ne abin da aka sha, muddin ba ka bari lambobinta sun cika sun zagayo ba ka sani ba. Poul-Henning Kamp ya gina wannan tsari a FreeBSD, wata babbar manhaja ta dangin Unix, tun ƙarshen shekarun 1990, John Stultz kuma ya shigar da makamancinsa cikin Linux a sigar 2.6.18 ta shekarar 2006, bayan dogon aiki na raba lissafin lokaci daga lambobin da kowane nau'in furosesa ke da nasa daban. Tun daga nan, idan aka tambayi kanel lokaci, yana karanta maƙirgi, ya cire karatun baya, ya ninka bambancin da wata lamba, ya gusar da sakamakon da wasu bit domin kauce wa rabawa mai tsada, ya ƙara a kan lokacin da ya adana. Sharaɗin zagayowar ma yana nan da ransa: maƙirgin ACPI mai bit 24 yana cika cikin abin da bai kai sakan 5 ba, don haka kanel da ke dogara da shi ba zai iya barin dukkan furosesoshi su yi barcin da ya wuce haka ba.

Ko a tsakanin waɗanda suka yarda da wannan tsari an saɓa a kan ma'auni. FreeBSD tana adana ɓangaren sakan a matsayin kaso na tsarin lamba biyu mai bit 64, wanda ke sa tarawa da ninkawa su yi tsabta, Linux kuwa ta zaɓi nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, a cikin lamba mai bit 64, wadda ke ɗaukar kusan shekara 292, wato har shekarar 2262 idan aka faro daga 1970. Na farkon ya fi kyau a lissafi, na biyun ya fi kusa da abin da manhajoji ke nema, kuma ban ga wani ya cutu da ɗayansu ba.

Jayayyar da ta fi zafi, wadda har yau ba ta mutu ba, ita ce a kan wane maƙirgi za a amince da shi. TSC yana cikin furosesa, karanta shi umarni ɗaya ne da ke ɗaukar nanosakan kaɗan, kuma manhaja za ta iya karanta shi ba tare da ta shiga cikin kanel ba. Wannan ne ya ba da damar tsarin vDSO, inda kanel ke ajiye lambobin lissafi a wani shafi da kowace manhaja ke iya gani, manhajar ta karanta TSC ta yi lissafin da kanta, idan kuma ta lura kanel ya sauya lambobin tana tsakiyar karatu sai ta sake daga farko. HPET da na ACPI suna wajen furosesa, karanta su yana cin ɗaruruwan nanosakan har zuwa maikrosakan ɗaya, wato nanosakan dubu, ko fiye, kuma ga rumbun bayanai da ke tambayar lokaci sau miliyoyi a sakan wannan bambanci ne da ake ji a jiki. Matsalar ita ce tsohon TSC ba shi da amana. Gudunsa yana sauyawa idan furosesa ta rage gudu domin tsimin wuta, yana tsayawa cik idan ta shiga barci mai zurfi, kuma a na'ura mai furosesoshi da yawa kowace tana iya samun karatun da ya saɓa wa na 'yar'uwarta, ta yadda manhajar da aka ɗauke daga wannan aka kai waccan za ta ga lokaci ya koma baya. Kamfanonin Intel da AMD sun gyara mafi yawan wannan a ƙarshen shekarun 2000, suka fitar da TSC mai gudu ɗaya da ba ya tsayawa, sai dai maginan kanel sun riga sun sha wuya, kuma sun ga na'urorin da manhajar allon uwa ke sake rubuta TSC a ɓoye. Saboda haka Linux ta sa mai gadi: kowane rabin sakan ana kwatanta TSC da wani maƙirgi kamar HPET, idan suka saɓa fiye da iyaka sai a ayyana TSC a matsayin marar tabbas a koma kan ɗayan.

A nan ne aka rabu biyu. Masu manyan na'urori suka nuna cewa sau da yawa mai gadin ne ke kuskure, domin idan na'ura ta yi nauyi karatun HPET yana makara, sai a zargi TSC da laifin da ba nasa ba, a sauke shi, aikin na'urar ya ragu sosai ba tare da wani ya taɓa komai ba. Masu kare mai gadin kuma suka ce agogon da ke ƙarya a ɓoye ya fi agogo mai nawa haɗari, domin jinkiri ana ganinsa, amma lokacin da ya karkace yana lalata bayanai kafin a farga. Hujjar ɓangare na biyu ita ce ta fi ƙarfi a shekarun da ƙarafa ba su da tabbas. A yau kuwa ina tare da matakin da aka ɗauka daga baya, na cire gadi daga kan TSC idan furosesa ta bayyana cewa nata mai gudu ɗaya ne, ba ya tsayawa, kuma tana da hanyar da kanel zai gane idan an taɓa shi, domin babu ma'ana a auna ma'auni mai kyau da wanda bai kai shi ba.

Buƙata ta uku, wato a tashe ni a lokaci kaza, ita ma ta sami tata gardamar, kuma a ganina ita ce ta fi koyar da darasin ƙira. Linux ta daɗe tana amfani da abin da ake kira ƙafar ƙararrawa, tsarin da George Varghese da Tony Lauck suka bayyana a shekarar 1987, inda ake jefa kowace ƙararrawa cikin wani gurbi gwargwadon nisan lokacinta, waɗanda ke nesa kuma a riƙa gangaro da su zuwa gurabun kusa idan lokaci ya matso. Sa ƙararrawa da cire ta a wannan tsari suna da arha ƙwarai, amma kaifinsa bai wuce bugu ɗaya ba. An yi shekaru ana ƙoƙarin cusa masa kaifin maikrosakan bai yi kyau ba, har Thomas Gleixner, tare da Ingo Molnar, suka kawo hujjar da ta warware ƙullin a shekarar 2005. Suka ce ƙararrawa iri biyu ce. Akwai ta wa'adi, kamar wadda ake sawa idan an aika saƙo ta hanyar sadarwa ana jiran amsa, wadda kusan kullum ana cire ta kafin ta kaɗa domin amsar ta iso, kuma idan ma ta kaɗa babu wanda ya damu ko ta makara kaɗan. Akwai kuma wadda ake sawa domin ta kaɗa, kamar ta manhajar sauti ko ta na'urar masana'anta, wadda makararta ɓarna ce. Masu adawa suka ce kanel ba ya buƙatar tsari biyu na abu ɗaya, hakan zai ninka lambobi ya kuma rikita masu rubuta direbobi. Duk da haka sabon tsarin ya shiga a sigar 2.6.16 ta shekarar 2006 da sunan hrtimers, yana jera ƙararrawa a cikin bishiyar bayanai bisa nanosakan. Abin da ya tabbatar mini da ingancin rabuwar shi ne abin da ya faru a shekarar 2016, a sigar 4.8, lokacin da aka sake gina tsohuwar ƙafar aka daina gangaro da ƙararrawa kwata-kwata, aka yarda wa'adi mai nisa ya makara da abin da zai iya kai kusan kashi ɗaya cikin takwas na tsawonsa. Ba za a iya yin wannan rangwame ba da a ce masu buƙatar kaifi suna cikin ƙafar har lokacin.

Da aka raba karatun lokaci daga katsewa, aka kuma sami ƙararrawa mai kaifi, sai tambaya ta taso ko bugun yana da sauran amfani. A sigar 2.6.21 ta shekarar 2007 aka fara dakatar da bugu a kan furosesar da ba ta da aiki, a saita ƙarfe ya tashe ta a lokacin ƙararrawa ta gaba kaɗai, wanda ya ba ta damar yin barci mai zurfi. A sigar 3.10 ta shekarar 2013, bisa aikin Frederic Weisbecker da wasu, aka ba da damar dakatar da shi ko a kan furosesar da ke gudanar da manhaja ɗaya tilo. Wannan mataki na biyu yana da tsada: dole a bar aƙalla furosesa ɗaya tana bugu domin kula da agogo, kuma kowace shiga da fita daga kanel tana ƙara nauyi saboda lissafin da bugu ke yi a da sai an yi shi a bakin ƙofa. Yana da amfani ga masu lissafin kimiyya da masu sarrafa saƙonnin sadarwa cikin gaggawa, amma ban ba mai kwamfutar gida shawarar kunna shi ba. Akwai kuma sassaucin maikrosakan 50 da Linux ke ƙara wa ƙararrawar manhajoji na yau da kullum, domin a haɗa masu kusa da juna a tashi sau ɗaya. Windows ta bi wata hanya, bugunta na asali sau 64 ne a sakan, wato kowane milisakan 15.625, kuma shekaru da yawa manhaja ɗaya za ta iya neman a sauko da shi zuwa milisakan ɗaya, dukan na'ura ta biya kuɗin da batirinta, sai a shekarar 2020 aka rage tasirin wannan buƙata a kan sauran manhajojin da ba su nema ba.

Yanzu sai bambanci tsakanin buƙata ta farko da ta biyu, inda masu rubuta manhaja suka fi faɗawa rami. Agogon duniya, wanda POSIX, wato ƙa'idar da manyan manhajoji na dangin Unix ke bi, ke kira CLOCK_REALTIME, dole ne a riƙa gyara shi, domin dutsen kwatz yana karkacewa. Tsarin NTP na David Mills, mai daidaita agogo ta hanyar sadarwa, yana gyara shi ta hanya biyu: ko dai ya ɗan ƙara masa gudu ko ya rage har ya daidaita, ko kuma ya ɗauke shi ɗungurum ya dire a inda ya kamata. Manhajar ntpd, mai gudanar da NTP, ba ta karkata gudun fiye da kashi 500 cikin miliyan, wanda ke nufin gyaran sakan ɗaya yana cin sakan 2000, fiye da rabin awa ke nan, shi ya sa manhajar ntpd ke yin tsalle idan kuskuren ya wuce milisakan 128. Duk manhajar da ta auna tsawon lokaci da wannan agogo za ta iya samun sakamako ƙasa da sifili. Domin haka aka samar da CLOCK_MONOTONIC, wanda ba ya tsalle kuma ba ya komawa baya, amma ba ya faɗin kwanan wata. Shi ma bai rufe magana ba, domin a Linux ba ya ƙirga lokacin da na'ura ta yi a dakace, wato idan aka rufe kwamfutar cinya aka buɗe bayan awa takwas, a wurinsa kamar ba a yi komai ba. Aka ƙara CLOCK_BOOTTIME a shekarar 2011 mai ƙirga har da dakatarwa. A shekarar 2018, lokacin shirya sigar 4.17, aka gwada haɗe su biyun da hujjar cewa a ƙa'ida agogo ɗaya ya isa, amma aka janye sauyin kafin sigar ta fita, domin manhajojin da ke sa ido a kan wasu manhajoji sun riƙa farkawa daga dakatarwa su ga wa'adi ya wuce da awanni, su ɗauka waɗanda suke gadi sun sandare. Hujjar masu haɗewa ba ta da aibi a takarda, sai dai halin da agogo ya nuna na shekaru ya riga ya zama alkawari, kuma dokar Linus Torvalds ta cewa kanel ba ya karya manhajojin da ke aiki ita ta yi hukunci. Na yarda da wannan hukunci.

Sakan ɗin ƙari shi ne wurin da ba laifin kanel ba ne amma shi ke ɗaukar dukan. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atom, don haka tun shekarar 1972 ake ƙara sakan ɗaya a lokacin UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, jefi-jefi, an yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disamba 2016, kuma tazarar da ke tsakanin UTC da lokacin atom na TAI ta tsaya a sakan 37. POSIX kuwa ta ƙayyade cewa kowace rana sakan 86,400 ce ba ƙari ba ragi, don haka babu lambar da za ta wakilci ƙarfe 23:59:60. Abin da Linux ke yi shi ne ta maimaita sakan na ƙarshe na ranar, wato agogon duniya ya koma baya da sakan ɗaya. A ƙarshen watan Yuni 2012 wani kuskure ya sa ba a sanar da tsarin hrtimers wannan komawa ba, sai ƙararrawar manhajoji ta riƙa kaɗawa kafin lokacinta, manhajojin Java da MySQL suka shiga zagaye suna cinye furosesa, shafuka irin su Reddit suka durƙushe. Darasin ƙira a nan shi ne lambobin da ke gudana sau ɗaya a shekara ɗaya ko uku, a lokaci guda a duk duniya, su ne mafi wuyar gwadawa. Google ta zaɓi ta ɓoye wa kanel lamarin gaba ɗaya, uwayen garkenta na lokaci suna shafa sakan ɗin a hankali a tsawon awanni, a tsarinta na yanzu awa 24 daga tsakar rana zuwa tsakar rana, Amazon ma ta bi irin wannan. Masu suka sun ce wannan ƙarya ce da aka tsara, domin a tsawon ranar sakan ɗin na'ura ba sakan na gaskiya ba ne, kuma idan aka haɗa uwar garke mai shafawa da marar shafawa za su saɓa da abin da ya kai rabin sakan ko fiye. Gaskiya suka faɗa, amma ga mafi yawan ayyuka na fi son karkata ƙarama da aka san iyakarta a kan tsalle na baya, wanda kuma ke buƙatar lokaci marar sakan ɗin ƙari yana da CLOCK_TAI tun sigar 3.10. A watan Nuwamba 2022 babban taron ma'aunai na duniya ya yanke shawarar a daina wannan ƙari nan da shekarar 2035, sai dai kafin nan akwai yiwuwar a buƙaci rage sakan a maimakon ƙarawa, abin da ba a taɓa yi ba ko sau ɗaya.

Saura batun shekarar 2038. Unix tana ƙirga sakan daga 1 ga Janairu 1970, kuma lamba mai bit 32 mai alama za ta cika a ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 03:14:07 agogon UTC, ta juya ta koma Disamba 1901. Kowa ya yarda maganin shi ne bit 64, saɓanin yana kan yadda za a kai can. OpenBSD, wata babbar manhaja ta dangin Unix, ta sauya girman lambar kai tsaye a sigar 5.5 ta shekarar 2014, ta ce a sake harhaɗa dukkan manhajoji, kuma ta iya yin haka ne domin kanel da ɗakunan lambobi da manhajojin tushe duk a hannu ɗaya suke. Linux ba ta da wannan dama, don haka Arnd Bergmann da abokan aikinsa suka shafe shekaru suna ƙara sababbin ƙofofin da manhajoji ke bi su kira kanel, masu bit 64, a gefen tsofaffi, aikin da ya kai ga sigar 5.6 ta shekarar 2020, sannan glibc, ɗakin lambobin da yawancin manhajojin Linux ke dogara da shi, ta ba da zaɓin amfani da su a sigar 2.34 ta shekarar 2021. Kwamfutoci masu bit 64 sun tsira a wannan mataki tun asali, amma lokacin da aka rubuta a kan faifai yana da nasa iyaka dabam da na kanel: tsarin ajiya na XFS sai a sigar 5.10 ya sami hanyar wuce 2038 zuwa 2486, ext4 mai ƙananan rikodin fayil na bait 128 kuwa ba shi da gurbin ƙarin bit. Waɗanda suka fi ba ni damuwa su ne ƙananan na'urori masu bit 32 da ake dasawa cikin motoci da injinan masana'antu da kayan asibiti, waɗanda aka harhaɗa da tsohon girman lamba, da yawansu za su kasance a bakin aiki a watan Janairun 2038 ba tare da an taɓa sabunta manhajarsu ba.